Yadda zaka wanke injin tatsar zuma ka kula da shi ya daɗe yana maka aiki

Duk wanda ya taɓa wuni yana tatsar zuma ya san yadda ƙarshen aikin yake, hannu duk ya yi danƙo, baya ya ƙage, bokitai sun cika, abinda kawai kake so shine ka rufe injin kace gobe na wanke. To wannan goben ita ce take kashe inji. Zumar da ta rage a bango da gindin duro tana jan danshi daga iska, tana yin ruwa-ruwa, kafin ka ankara ta fara tsami tana kumfa, kakin da ya maƙale kuma ya daskare, ga tururuwa da kyankyasai sun samu wurin zuwa. Wankin da zai ɗauke ka ƙasa da awa ɗaya a ranar, in ka bari ya kwana biyu sai ya zama aikin yini guda, kuma ko ka wanke ba lallai warin tsamin ya fita gaba ɗaya ba.

Shi injin kansa ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Tun 1865 da Franz Hruschka, wani hafsan sojan Ostiriya, ya fito da shi, dabarar bata canza ba: duro ne, a cikinsa akwai kwando mai juyawa a kan sandar ƙarfe, ka jera firam, wato katakon da ke riƙe da saƙar zuma, bayan ka yanke murfin kakin da ya rufe ramukan saƙar, ka juya da sauri, ƙarfin juyin ya watso zumar ta bugi bango ta gangara ƙasa ta fita ta famfo, saƙar kuma ta tsira ka mayar wa ƙudan su sake cikawa. Akwai wanda fuskar firam take kallon bango, sai ka tatsi gefe ɗaya ka juya ɗayan, akwai kuma wanda firam suke tsayawa kamar sifokin keke su tatsu gefe biyu a lokaci guda. Wani da hannu ake juyawa wani da lantarki. Wankinsu kusan ɗaya ne, inda suka bambanta zan faɗa in mun zo wurin.

Kafin ruwa ya taɓa shi

In mai lantarki ne, zare filogi daga soket tukuna, ba kashe makunni kawai ba, a zare shi. Hannunka zai shiga cikin kwando, kuma ruwa zai zo wurin.

Daga nan sai ka kwashe zumarka da ta rage, dan ba kaɗan bace. Lita ɗaya ta zuma tana kai kilo 1.4, abinda yake kwance a ƙasan famfo da wanda ya lulluɓe bango in ka tara zaka sha mamaki. Ka karkata injin ta ɓangaren famfo, ka sa katako a ƙarƙashin ƙafar baya ya tsaya da kyau yadda ba zai kife ba, ka buɗe famfon a kan bokiti mai mataci, sannan ka bi bangon da abin kankara na roba mai laushi daga sama zuwa ƙasa kana turo zumar wajen bakin famfo. Ɗaki mai ɗumi yana taimakawa sosai anan domin zuma tafi gudu in ta ji ɗumi. In zaka barshi ya tsane na wasu awanni to ka rufe murfin injin ka rufe bokitin, ka rufe ƙofa da taga, in ba haka ba ƙudan zuma zasu shinshino su cika ɗakin.

Anan ne wasu suke cewa ai mai sauƙi ne, ka fitar da injin waje ƙudan su lashe shi tas. Eh zasu lashe, amma ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Na farko, ba ƙudanka kaɗai zasu zo ba, duk wata amya da ke kusa zata turo nata, su haɗu a wuri ɗaya suna cin zuma ɗaya, in akwai cuta a amya guda ka raba wa kowa kenan. Cutar ruɓewar 'ya'yan ƙuda da ake kira ta Amurka, wadda ƙwayar Paenibacillus larvae ke kawowa, tana tafiya ne a cikin zuma, kuma irinta yana iya rayuwa shekaru gommai a jikin kayan aiki. Na biyu, da zarar sun saba da zumar banza a fili sai su koma fashi, masu ƙarfi su afka wa amyar da bata da ƙarfi su kwashe mata komai. Na uku, da yawa suna faɗawa cikin zumar da ta taru a gindi su nutse. Babu riba a ciki.

Kwance shi

Cire murfi ka ajiye gefe. Yawancin injina akwai ƙarfe da ya gitta saman duro wanda yake riƙe da giya, wato ƙarafa masu haƙora da suke juya sandar, da mariƙin juyawa, ko injin lantarkin, noti biyu ne ko huɗu suke riƙe da shi. Kafin ka sa sifana ka ɗauki hoto da wayarka, ta sama da ta gefe, saboda noti da 'yan zobban ƙarfen da ake sawa a ƙarƙashinsu suna da yadda aka jera su kuma ranar mayarwa kai baya tunawa. Duk abinda ka kwance ka zuba a kofi ɗaya. Ka ɗaga ƙarfen da giyarsa ka kai shi nesa da inda zaka yi wanki, shi ba'a jiƙa shi, tsumma mai ɗan danshi ya ishe shi.

Yanzu ka ɗaga kwandon a miƙe, a hankali, kuma ka buɗe ido da kyau. A ƙasan sandar tsakiya, cikin wani ɗan rami da ke tsakiyar gindin duro, injina da yawa suna da ƙwallon boris guda ɗaya ɗan ƙarami wanda sandar take zama a kansa tana juyawa. Wani lokaci yana zama a ramin, wani lokaci yana manne a gindin sandar saboda giris ya biyo ta sama, sai ya faɗi ba tare da ka ji ƙararsa ba, ko kuma ya bi ruwan wanki ya fita ta famfo ya tafi kwata. In ya ɓata injin zai riƙa gurzar ƙarfe da ƙarfe, juyi ya yi nauyi, har ka fara ganin baƙin gari a cikin zuma. Ka ciro shi da yatsa ko da maganaɗisu, ka goge, ka sa a kofin notin nan.

Famfon ma a kwance shi. Yana da noti mai kunne da yake matse murfinsa, da zoben roba a ciki wanda yake hana yoyo, wasu kuma har da babban noti ta cikin duro. Bayan wannan zoben da cikin zaren notin nan ne tsohuwar zuma take ɓuya ta yi baƙi, mutum ya wanke duro yana ƙyalli amma duk zumar da zai tatsa nan gaba ta wannan dattin zata bi ta fita.

Ruwan sanyi tukuna

Wannan shine wurin da nake so a fi riƙewa, dan hankali yana ba mutum cewa abu mai danƙo ruwan zafi ne maganinsa. Ga zuma kaɗai haka ne, amma abinda ke cikin injinka ba zuma kaɗai bace, akwai ɓarɓashin kaki ko'ina, akwai kuma danƙon nan mai ruwan ƙasa da ƙudan suke liƙe amya da shi, furofolis. Kaki yana narkewa ne a wajen digiri 62 zuwa 64 na ma'aunin Celsius, amma tun kafin ya kai nan yake laushi. Ka zuba masa ruwan zafi sai ya narke ya bazu, ya bi bango da wayoyin kwando ya yi musu wani siririn shafi, yana hucewa ya kama, ka shafa hannu ka ji santsi-santsi mai kama yatsa wanda sabulu baya fitarwa da sauƙi. Furofolis shima in ya ji zafi sai ya zama kamar cingam yana jan zare. Amma a ruwan sanyi kaki yana nan a ɓarɓashinsa yana yawo a saman ruwa, furofolis kuma ya yi tauri ya ɓalle da ɗan kankara kaɗan. Ita zuma dama ko a ruwan sanyi tana narkewa, lokaci kawai take so.

Saboda haka ka mayar da famfon na ɗan lokaci ko ka toshe bakin, ka zuba ruwan sanyi ya kai kamar kashi ɗaya cikin uku na duron, ka riƙa ɗiba da kofi kana watsa wa bango, ka barshi ya jiƙa minti 20 ko 30. Wanda injinsa ƙarami ne yana iya cika shi har ya rufe kwandon ya barshi ya jiƙa tare. Wasu kafin su kwance komai suke zuba ruwan su ɗan juya kwandon a hankali ya wanke kansa, wannan ma yana yi, sai dai kar ruwan ya kai ga giya kuma kar ka juya da ƙarfi.

In zaka zubar da ruwan nan ka tare shi da mataci ko tsohon yadi. Kakin da zaka tara kana iya haɗawa da sauran kakinka ka narkar, kuma ka tsare bututun gidanka, domin kaki in ya daskare a cikin bututu fitar da shi sai an sha wuya. Ruwan kuma kar a watsar a fili inda ƙudan zasu taru a kai, a zuba a magudana a bi da ruwa mai yawa. Ka maimaita sau biyu ko uku har sai ka daina ganin ɓarɓashi yana tasowa.

Sai yanzu ruwan ɗumi da sabulu

Bayan kaki ya fita ne ruwan ɗumi yake da amfani. Mai ɗumin da hannu zai iya jurewa, da sabulun ruwa na wanke kwanuka ɗan kaɗan, wanda bashi da ƙamshi mai ƙarfi, saboda zuma tana ɗaukar wari da sauri kuma ba wanda yake son zumar da take ƙamshin sabulu. Wasu ma basa sa sabulu kwata-kwata, ruwa kawai, kuma in an wanke a ranar da aka yi aiki hakan yana wadatarwa. Ni dai nafi son ɗan sabulun saboda maiƙon giris da yake zuwa wajen gindi.

Soso mai laushi ko tsumma zaka yi amfani da shi. Soson ƙarfe kam a'a. Yawancin injinan yanzu da ƙarfen da baya tsatsa ake yinsu, irin mai lamba 304, kuma abinda yake kare shi wani siririn rufi ne a fuskarsa da ido baya gani. Soson ƙarfe yana karce shi ya kuma bar 'yan ƙananan ɓarɓashin baƙin ƙarfe a cikin karcen, su ne zasu yi tsatsa daga baya ka ga ɗigo-ɗigo ja a jikin duro kana mamakin daga ina. In duron roba ne to karcen ma yafi muni, datti yana zama a ciki.

Ka bi wuraren da ido baya kaiwa: layin da bango ya haɗu da gindi, kewayen ramin boris, ƙarƙashin leɓen duro na sama inda aka naɗe ƙarfen, da duk inda aka yi walda a jikin kwando. Tsohon buroshin haƙori da aka ware dan wannan aikin yana shiga duk waɗannan lungunan. Kwandon shi yafi cin lokaci dan ko wace mahaɗar waya tana riƙe kaki, ka juya shi ƙasa ta koma sama ka duba, nan ne zaka ga abinda ya ɓuya. Ka kula da hannunka a gefen ƙarfe, wasu injinan bakinsu yana da kaifi, safar hannu ta roba tana da amfani.

In furofolis ya ƙi fita, ka jiƙa ɗan tsumma da sifirit ka goga a wurin, yana narkar da shi. Sodar wanki ma, wato washing soda, ba soda mai ƙuna ta haɗa sabulu ba, tana cinye shi da kaki baki ɗaya, ana jiƙa kilo 1 a lita 5 na ruwan ɗumi, amma da safar hannu, a kiyaye ido, kuma kar ta taɓa duk wani abu na alminiyom dan tana cinsa. Murfin nan mai gani-har-hanji kuma kar a sa masa sifirit, wasu irin robar suna yin dishi-dishi ko su tsattsage, ruwan sabulu da tsumma mai laushi kawai.

Ɗauraya ita ce ta ƙarshe, da ruwa mai tsabta irin wanda zaka iya sha, sau biyu ko uku har sai babu kumfa babu santsi. Ɗaurayar ƙarshe in ka yi ta da ruwa mai zafi sosai ƙarfen zai ɗau zafi ya bushe da wuri, yanzu kam babu kakin da zai narke.

Maganar kashe ƙwayoyin cuta

Ba kowane wanki ne yake buƙatar wannan ba. In injinka ne kai kaɗai, amyoyinka lafiya lau, wanki mai kyau da bushewa ya isa. Amma in aro ka yi, ko ka bada aro an dawo da shi, ko ka sayi na hannu, ko kana zargin cuta a wata amya, to ka ƙara wannan matakin. Bayan an wanke shi tas, domin bilic, ruwan nan na faranta tufafi, baya aiki a kan datti da kaki, sai a haɗa bilic da ruwa ya zama ƙarfinsa kashi 0.5 cikin ɗari, wato in na kwalbarka mai kashi 3 ne sai ka sa mudu ɗaya nasa a biyar na ruwa, a tabbata ya jiƙa ko'ina na minti 20. Kar ka wuce haka kace bari ya kwana ya fi kashewa, sinadarin kulorin yana huda ƙarfen da baya tsatsa ya yi masa ƙananan ramuka. Lokaci na cika ka zubar ka ɗauraye sosai da sosai. Kuma kar a taɓa haɗa bilic da ruwan khal ko wani abu mai tsami ko wani maganin wanki, hayaƙin da yake fitarwa guba ne. In kuma an tabbatar cutar ruɓewar nan ce, ka nemi jami'in kula da lafiyar dabbobi ko na kiwon zuma na yankinka, a ƙasashe da yawa doka ce a sanar da hukuma.

Bushewa

Mutane suna raina wannan matakin alhali rabin aikin kenan. Zumar da ta nuna ruwan cikinta yana wajen kashi 17 zuwa 18 cikin ɗari, in ya haura sosai sai ta fara tsami, shi yasa ma'aunin ƙasa da ƙasa ya tsaya a kan kar ya wuce 20. Ɗan ruwan da ya kwanta a gindin duro ko cikin famfo zai shiga zumar farko da zata sauko. In kuma ajiye injin zaka yi, danshin shine zai kawo fumfuna da tsatsa a noti da boris, dan su ba lallai irin ƙarfen duron bane.

Ka goge da tsumma mai tsabta wanda baya zubar da zare, ka kifa duron ko ka karkata shi famfo a buɗe, ka barshi iska ta ratsa shi kwana ɗaya ko biyu, kayan a warwatse ba'a haɗa ba. Rana tana taimakawa ga ƙarfe, amma zoben roba da murfi a inuwa. Ka sa yatsa cikin ramin boris ka ji, nan ne ruwa yake ƙarshen bushewa, in da danshi ka murɗa tsumma ka tura ciki.

Giris da mayar da kaya

Duk abinda yake cikin duro ko samansa zai iya haɗuwa da zuma, saboda haka giris ɗin mota ko baƙin mai basu da wuri anan. Akwai giris na injinan abinci, zaka ga an rubuta H1 a jikinsa, shi zaka nema. Ɗan kaɗan a kan yatsa ka sa a ramin, ka ɗora ƙwallon boris, ka ɗan shafa a gindin sandar. In ka cika shi zai fito ya bi zuma. Giyar sama in a buɗe take ka goge tsohon giris ɗin da ya yi baƙi ka shafa sabo siriri a haƙoran, in kuma a rufe take cikin akwatinta ka barta yadda masu ƙerawa suka ce, wasu ba'a buɗe su sam.

Ka duba zoben famfo da kyau, ka ɗan ja shi, in ka ga tsaga ko ya taurare ko ya baje to a canza, abu ne ƙarami amma shi ke sa ka wayi gari zuma ta malale a ƙasa. Notin famfo a ɗaure shi daidai yadda murfin zai buɗu da ɗan ƙarfi ya kuma rufu ruf, in na roba ne kar ka matse da yawa zai fashe. Ka zura kwandon ya zauna a kan boris, ka mayar da ƙarfen sama kamar yadda yake a hotonka, ka ɗaure notin kaɗan-kaɗan wannan gefe da wancan har su yi daidai, sannan ka juya shi ba komai a ciki ka saurara. Ya kamata ya tafi sumul. In kana jin gurza ko ƙwanƙwasa, ko dai boris baya wurinsa, ko sandar bata zauna a tsakiya ba, ko kwando yana taɓa bango.

Mai lantarki kuma ka duba waya ko ta ɓare, musamman inda take shiga inji da wajen filogi, ka goge ƙura daga ramukan shan iska, in yana da bel ka danna da yatsa ka ga bai saki ba bai kuma tsattsage ba. Akwatin sarrafa gudu ko ɗigon ruwa kar ya shiga. Wanda yake da makullin da ke tsayar da inji in an buɗe murfi ya gwada ya ga yana aiki, kar a cire shi dan wai yana ɓata lokaci, kwandon da yake gudu da firam cike yana iya karya hannu.

In ka ga ɗigon tsatsa a duro ka kwaɓa baking soda, farar hodar nan ta girki, da ruwa ka goga da tsumma, ko ruwan sinadarin sitirik, wato sinadarin tsamin lemun tsami, ka ɗauraye ka busar. Tsofaffin injina na kwano mai rufin zinki kuwa maganarsu daban, zuma tana da tsami a halittarta, tana cin zinkin in ta daɗe a ciki, wasu tsofaffin ma da dalma aka yi musu liƙi. Irin wannan in ya fara ɓarewa ko tsatsa, ko dai a shafe cikinsa da fentin da aka yarda da shi na kayan abinci ko a haƙura da shi, kuma ko lafiyarsa ƙalau kar zuma ta kwana a ciki.

Wajen ajiya ka samu wuri busasshe, ka ɗora shi a kan katako kar ya zauna a siminti mai danshi, ka rufe murfi, ka lulluɓe shi da yadi mai tsabta ko babbar leda bayan ka tabbata ya bushe ƙarau. Famfon ka barshi ba'a matse ba dan zoben ya huta, amma ka ɗaure bakin da ɗan yadi saboda ɓera da ƙwari. Kar a ajiye shi kusa da fetur, fenti ko maganin ƙwari, kar kuma a ɗora masa kaya masu nauyi a kai, duro in ya lotsa kwando zai riƙa bugunsa.

In lokacin tatsa ya zagayo, kwana biyu kafin ranar ka fito da shi ka sake ɗaurayewa ka busar, ka bi notin ƙafafu ɗaya bayan ɗaya dan girgiza tana kwance su. Ranar aikin ka jera firam masu nauyi ɗaya suna fuskantar juna, ka fara juyi a hankali sai zuma ta ragu sannan ka ƙara gudu, ka bar famfo a buɗe kan bokiti dan kar zuma ta taru ta kai gindin kwando. Injin da yake rawa yana tsalle saboda an loda shi gefe ɗaya shi ne yake cin boris ya lanƙwasa sanda, in ka ji ya fara haka ka tsaya ka sake jera firam ɗin.